Yadda Nomau Ya Raɗa wa Sabar Suna

A garin Ƙiryawa, can gindin madatsar ruwa inda balbelu ke sauka da hantsi, akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Ya ba shekara arba'in baya, dogo ne siriri, kullum idonsa na sama yana bin gajimare da kallo. Ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ya leƙa abin da ke bayanta. Su uku ne a gida: shi, da matarsa Tabawa mai ƙuli-ƙuli, da mahaifiyarsa Iya Gwamma, wadda tsufa ya soma kwashe mata sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya. Shi ne autanta. Sai wani farin rago da Tabawa ke kiwo a bayan ɗaki, tana ji da shi kamar ɗan cikinta.

Tun suna sabon aure Tabawa ta san wanda ta aura. Ya tsaya mata a ka tana tuya, ta ce, "Malam, don Allah fita ka sha iska." Ya tafi bakin madatsa ya buɗe baki, ya tsaya har la'asar. Da ya dawo ya ce ya sha iyakar iyawarsa, amma ba ta kashe ƙishi. Daga ranar ta koyi auna magana kafin ta sake ta.

Aikinsa shara da kula da ofishin ƙungiyar manoman rani, wani ɗaki guda mai rufin kwano a bakin fadama. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, saboda haka yana karanta boko, baƙi ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza na tsintar gero.

Wata rana Murja, 'yar yayarsa da ta yi karatun kwamfuta a birni, ta zo da wani baƙin akwati a bayan mota. Aka kafa farantan sola a kan rufin ofis, aka jera batura a lungu, aka ɗora akwatin a kan tebur da allonsa da madannansa. Da aka kunna shi, sai wata 'yar koriyar fitila ta kama ƙiftawa, wani sauti ya tashi a hankali kamar zuma a cikin amya.

"Kawu, wannan sabar ce," in ji Murja. "Kwamfuta ce, amma ba ta wasa ba. Ita za ta riƙe iyakar gonar kowa a fadamar nan, da ranar ban ruwan kowa."

Nomau ya jinjina kai. Ya san nauyin maganar, don gara ta ci rabin tsohon kundin ƙungiya, kuma bara sai da aka ɗaga wa juna fartanya a kan kunyar gona biyu. Kwana uku Murja ta yi tana zuba wa sabar abin da ya saura a kundin, tana kiran dattawa ɗaya ɗaya suna faɗin abin da suka tuna. Ran da za ta tafi, direba na ta danna oda, ta raɗa wa kawunta wata kalma a kunne, ta ce kada ya faɗa wa kowa. Ta sa ƙafa a mota sannan ta waiwayo.

"Af, ban ma samu na sa mata suna ba. Bari sai rana ita yau, in Allah ya kai mu, mu sa mata."

Nomau ya ƙirga da yatsu. Kwana bakwai cif. Ya ce a ransa, lalle yarinyar nan boko bai ɓata ta ba.

Wata rana, wato rana ta bakwai, mutanen da suka fito sallar asuba suka tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar ofis, ga ƙwaryar goro, ga dabino. Nomau ya bi gida gida tun jiya yana gayyar suna. Kowa ya zo yana tambayar na kusa da shi wa ya haihu, don ba wanda ya ga Tabawa da ciki. Liman Ashiru ya iso ya zauna. Wanzami ya buɗe zabirarsa. A gindin dalbejiya kuma ga farin rago a ɗaure yana tuƙa.

"Nomau, ina mai jegon?" in ji Liman.

"Ta koma birni, Allah gafarta Malam."

"Ta bar jaririn?"

"Jaririya ce. Tana ciki."

Ya buɗe ƙofa. Liman ya leƙa, wanzami ya leƙa ta kafaɗarsa. Ga baƙin akwati a kan tebur, Nomau ya yafa masa sabon zane, 'yar fitila na ƙiftawa ta ƙarƙashi. Wanzami ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To ni ta ina zan fara askin?"

Ana cikin haka sai ga Tabawa, mayafi a hannu ko yafawa ba ta yi ba. Ta kwance ragonta ta naɗe igiyar a hannu. Sai da ta yi taku uku ta juyo ta ce, "Malam, ka gode wa Allah wuƙa ba ta taɓa shi ba."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Liman ya goge hawayensa da gefen rawani ya ce tunda an taru ga goro, a yi addu'a Allah ya ba da amfanin gona mai albarka. Aka shafa, aka raba goro, aka watse. Nomau ya tsaya shi kaɗai a ƙofa yana mamakin sunan da aka yi ba a faɗi suna ba.

Da hantsi Murja ta kira shi a waya. Da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har ta sarƙe.

"Kawu, ba da rago ake sa mata suna ba. Rubutawa ake yi. Cire zanen nan kada ta yi zafi, ka zauna a gaban allo."

Ya zauna. Allon baƙi ƙirin ne kamar ka leƙa tsohuwar rijiya, a samansa wani ɗan farin layi na ɓullowa yana ɓacewa. Nomau ya ga kamar wani ne can ƙasan rijiyar ke ɗaga masa hannu. Murja ta riƙa faɗa masa baƙaƙe yana nema da yatsa ɗaya, har ya haɗa kalmar hostname, wadda ake sa wa sabar suna da ita. Ta ce ya ƙara kowace kalma a gabanta don gwaji, ya danna babban maɓalli. Sabar ta mayar masa da wani layi na Turanci. Ya karanta mata shi baƙi baƙi.

"Ta ƙi," in ji Murja. "Ba za ta saurare ka ba sai ka sa sudo a gaba."

Daga nan waya ta yanke, don a lokacin sabis a Ƙiryawa sai an yi sa'a.

Wata rana, washegarin wannan, Nomau ya tafi bakin kasuwa wurin Sule Dogo mai facin keke, wanda duk gari ke kira Sudo. Ya gaishe shi, ya ce ana nemansa a ofis yanzu yanzu.

"Ni? Wa ke nemana?"

"Sabar. An ce ba ta jin maganar kowa sai kana gaba."

Sudo bai taɓa jin an ba shi girma irin wannan ba. Ya wanke hannu, ya sa hula, ya biyo shi. Nomau ya ajiye masa benci a gaban tebur, shi kuma ya tsaya a bayansa, ya miƙa dogon hannunsa ta kafaɗar Sudo yana danna baƙaƙe. Sabar ta sake ƙi.

"Ko in gaishe ta?" in ji Sudo.

"Gwada."

"Ranki ya daɗe, barka da hutawa. Sudo ne."

'Yar fitila ta ƙifta kawai. Haka suka zauna har rana ta take tsaka, iska na shigowa ta taga da ƙanshin danyar albasa, Sudo na gyangyaɗi, masu keke na can suna jiransa da tayoyi a hannu. Sai da azahar waya ta shigo. Murja ta yi salati, ta ce sudo kalma ce mai baƙi huɗu da ake rubutawa a farkon layi, ma'anarta kamar ka ce da izinin maigida nake magana. Sudo ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce ko ma dai mene ne, sunansa ne ke buɗe ƙofar. Tun daga ranar in ya wuce ta ofis sai ya ɗaga wa taga hannu.

Wata rana suka sake zama, shi a gaban allo, Murja a waya. Ya rubuta sudo, ya rubuta hostname.

"Wane suna zan sa, Murja?"

"Duk abin da ya zo bakinka, Kawu. Amma da ƙananan baƙaƙe, kuma kalma ɗaya."

Nomau ya tsaya ya laluba bakinsa da harshe. Ragowar goron suna ne a kuncinsa. Ya rubuta goro, ya danna. Sabar ba ta ƙi ba wannan karon, sai ta yi wata tambaya.

"Kalmar sirri take nema," in ji Murja. "Wadda na raɗa maka. Rubuta mata."

"Kin ce kada in faɗa wa kowa."

"Ai ita ba kowa ba ce."

Nomau ya rufe wayar da tafin hannu, ya dubi akwatin da tausayi. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Haba Murja, a gabanta kike faɗin haka? Ita da ke riƙe da gonakin gari?"

Sai da ta lallashe shi, ta rantse ita ce ta fara gaya wa sabar kalmar tun kafin ta gaya masa, sannan ya yarda. Ya rufe taga, ya danna baƙaƙen ɗaya ɗaya. Ko ɗigo bai fito a allo ba. Ya ji kamar ya jefa tsakuwa a rijiya bai ji ƙarar faɗawarta ba. Murja ta ce haka take yi, don kada na bayanka ya gani. Abin ya burge shi ƙwarai. Ya ce da mutanen Ƙiryawa na haɗiye sirri haka, da Liman ya huta da sulhu.

"To yanzu fita ka sake shiga, za ka ga sunan."

Ya ajiye waya, ya fita ƙofa, ya sake shigowa da sallama. Allo bai sake ba. Ya sake fita, ya ɗan ƙara nisa. Sau biyar yana yi, na ƙarshe har bakin madatsa ya je, wayar na kan tebur tana ta kiran Kawu, Kawu. Da ya dawo yana haki ta sa shi ya rubuta exit, wato fitar da take nufi, ya sake ba da sunansa da kalmar sirri. Sai ga shi a farkon layi: nomau@goro. Sunansa, da nata, da wani ɗan abu a tsakani ya naɗe kamar dodon koɗi. Ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ganin an rubuta sunansa kusa da na wani ba, in ba a takardar asibiti ba.

"Amma Kawu, wannan sunan aro ne," in ji Murja kafin ta ajiye. "In ta yi barci ta farka za ta manta shi. In na samu sarari zan koya maka mai ɗorewa."

Wata rana, da wadda ta biyo ta, da ta bayanta, Nomau ya ɗauki aikin hana Goro barci. In ya gama shara sai ya jawo benci ya zauna yana ba ta labari: yadda aka gina madatsa yana yaro, yadda ruwa ya haɗiye tsohuwar kasuwa, yadda har yanzu in ruwa ya ja baya ana ganin kan wata kuka a tsakiya, balbelu sun yi mata farin rawani. In ya ga fitilar ta ɗan jinkirta ƙiftawa sai ya ƙwanƙwasa tebur ya ce, "Goro, kina ji na?" Da magariba in zai tafi gida ya kan ce mata ta daure, gobe da sassafe yana nan.

Sai damina ta kawo kai. Hadari ya rufe rana kwana uku, batura suka ƙare. Yana zaune yana tsakiyar labari sautin zuman nan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Fitila ta mutu. Ya kira ta, ya ƙwanƙwasa, shiru, sai ruwa a kan kwano.

Rana ta huɗu gari ya washe, ta farka. Ya shiga da sauri, ya duba farkon layi. Babu goro. Wata baƙuwar kalma ce a wurin, localhost. Ya rubuta hostname shi kaɗai, yadda Murja ta ce ana tambayarta sunanta, ta sake ba shi wannan kalmar. Nomau ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar tebur. Da safen nan ma da ya kai wa Iya koko, ta karɓa ta dube shi da fara'a irin ta baƙo, ta ce, "Sannu bawan Allah, kai ɗan wane gida ne?"

Ya kira Murja. "Ta manta kanta," ya ce. "Kamar Iya."

Iya kakar Murja ce. Da ta yi magana muryarta ta sauya. Ta ce ya tashi ya zauna, yau za su yi mai ɗorewa. Ta faɗa masa a hankali, yana dannawa: sudo hostnamectl set-hostname goro. Ta ce wannan karon sunan zai shiga wata 'yar takarda da ke can cikin sabar, kuma duk sanda ta farka, takardar za ta fara dubawa kafin komai. Ta sa shi ya kashe ta da hannunsa ya sake kunnawa. Ya yi. Allo ya yi duhu, rubutu ya gudana, sannan ga goro ta dawo wurinta.

Da yamma ya tsinci gawayi a murhun Tabawa, ya shiga ɗakin Iya tana barcin la'asar. A bangon da ke fuskantar gadonta ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, don ya zama abin da za ta fara gani. Iya ba ta taɓa sanin ko baƙi ɗaya na boko ba. Ta farka, ta dubi bango, ta dubi baƙin hannunsa, ta haɗe rai.

"Auta! Kai ne ka ɓata mini bango? Har yanzu ba ka yi hankali ba?"

Nomau ya fito tsakar gida yana murmushi, hawaye na bin kuncinsa. Tabawa ta dube shi, ta ci gaba da murza ƙuli.

Wata rana, bayan damina biyu, aka kafa dogon ƙarfen sabis a bayan gari, har ya zama ana iya shiga sabar daga birni. Manoma sun ƙaru, Goro ta soma cika, sai ƙungiya ta samo sabuwar sabar mai babban ciki. Murja ta kawo ta ranar Litinin. Baƙin akwati ne sak irin na farko, da allonsa da madannansa. Ta ajiye shi kusa da Goro, ta haɗa su da waya, ta ce duk abin da ke cikin tsohuwar zai riƙa tsiyaya cikin sabuwar, kwana biyu ya isa. Ta koma birni a ranar. Abin da ba ta gaya wa kawunta ba, don ta san halinsa, shi ne an shirya a goge tsohuwar tas ranar Alhamis, a kai wa wata ƙungiya a wani gari. Wani ma'aikaci ne zai yi gogewar daga birni, ba tare da ya taka Ƙiryawa ba.

Ranar Alhamis da safe ma'aikacin ya duba allonsa ya ga goro biyu, don sabuwar ta kwafi har sunan. Ya kira Murja ya ce a bambanta masa su. Tana tasha a lokacin, 'yan kamasho na ihu a kanta. Ta kira Nomau.

"Kawu, ka tuna dogon layin nan na sa suna? Wadda ke hannun dama ka sa mata tsohuwa. Wadda ke hagu ka sa mata sabuwa. Yi sauri don Allah, kafin azahar."

Ta ajiye. Nomau ya tsaya a ƙofa yana duban akwatunan biyu, fitilunsu na ƙiftawa ba tare ba, kamar suna hira. Daga inda yake, Goro ce a damansa. Amma Murja ba ta ce damansa ba. Su za a yi wa suna, ba shi ba. Kuma in an ce maka wanda ke daman Liman, ai daman Liman ake nufi, ba na mai kallo ba. Sai ya zagaya bayan tebur, ya tsaya a tsakaninsu, ya fuskanci ƙofa yadda suke fuskanta, ya ɗaga hannun da yake cin tuwo da shi. Hannun ya sauka a kan baƙuwar.

Ya dawo gaba ya rubuta wa baƙuwar tsohuwa. Sannan ya matsa wurin Goro, wadda ƙura ta dusashe mata fenti, ya rubuta mata sabuwa. Ya tsaya yana kallon kalmar. Ashe a wurinsu haka abin yake da sauƙi, layi ɗaya sai a mayar da kai yaro. Ya yi mata barka.

Da azahar yana zaune sai ya ga farin rubutu na gudu a allon baƙuwar kamar tururuwa ta ga ruwa. Ya yi ta gudu, ya yi ta gudu, sannan allon ya zama wayam. Nomau ya ɗauka gajiyar hanya ce, ya ja mata labule don rana.

Ranar Juma'a da hantsi Murja ta iso da mota don ɗaukar tsohuwar. Ofis cike yake, don ranar ce ake fidda jerin ban ruwa na shekara. Malam Haladu shugaban ƙungiya na zaune a kujera, manoma sun cika benci har waje, Tabawa ma ta kawo ƙuli tana sayarwa a bakin ƙofa. Murja ta gaisa da jama'a, ta nufi Goro za ta zare wayarta. Hannunta na kan wayar idonta ya faɗa kan allo. Ta karanta nomau@sabuwa. Ta juya ga ɗayar ta danna, ta sake dannawa. Babu komai a ciki, ko sunan gona ɗaya.

"Kawu, me ka yi?"

Nomau ya zagaya bayan tebur ya nuna mata yadda ya tsaya, ya ɗaga hannun dama.

"Sabuwar aka goge," in ji Murja.

Malam Haladu ya miƙe tsaye. "Wato injin da muka yi shekara muna nema, shi ka sa aka wanke? Nomau, yau haƙurina ya ƙare. Ajiye mabuɗin ofis ɗin nan."

Nomau ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya ajiye a ƙasa, daidai inda yake tsaye. Ya dubi Goro kawai.

Murja ta jawo benci ta zauna a gaban tsohuwar, ta ce a ba ta minti biyar ta ga abin da ya saura. Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar madannai. Gonaki na nan, iyakoki na nan, ranakun ruwa na nan. Sannan ta buɗe inda sabar ke rubuta labarin aikin da ta yi, ta karanta, ta sake karantawa. Ta tashi ta leƙa bayan tebur, ta jawo wayar da ta haɗa akwatunan biyu. Ɓera ya gutsure ta, saura ƙiris ta rabu biyu.

Ta koma ta zauna a hankali, ta riƙe kai da hannu biyu.

"Baba Haladu, kwafin bai gama ba. Tun ranar Talata ya tsaya. Cikin gona ɗari shida da goma sha biyu, arba'in ne kawai suka haye. Ni ce ban duba ba kafin in ce a goge." Ta dubi kawunta. "Da Kawu ya bi hannun da nake nufi, da wannan aka goge. Da yau babu iyakar kowa a Ƙiryawa."

Wani dattijo a bakin taga, wanda ya ba da iyakokin unguwarsu da ka shekara biyu da suka wuce kuma yanzu ba ya iya tuna rabinsu, ya soma salati a hankali. Kowa na tunanin gonarsa, da maƙwabcinsa, da fartanya.

Tabawa ce ta fara magana daga bakin ƙofa. "A gidanmu," ta ce, "in mace na ta binne 'ya'ya, sai tsofaffi su sa wa na gaba Ajuji ko Ayashe. Wai in mai ɗaukar rai ya zo yana kira, ya ji ba shi ba ne, ya wuce."

Wani ya yi dariya, wani ya kama, har ɗakin ya ɗauka. Malam Haladu ya sunkuya da kansa, da girmansa da komai, ya ɗauki mabuɗin daga ƙasa ya rataya wa Nomau a wuya. Murja ta share ido da bakin mayafi, ta sa hannu a kan madannai.

"Kawu, in mayar mata da sunanta Goro?"

Nomau ya dubi 'yar koriyar fitila, ya leƙa ta taga wajen hanyar birni, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Bar ta tukuna, Murja. Mai kiran bai yi nisa ba."